Aron Sabar Gida ga Masu Bincike: Abin da Na Rubuta Rana-Rana

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Shekara uku ke nan tsohuwar kwamfutar nan tana ƙarƙashin teburi a matsayin sabar gida, wato injin da ke riƙe mana fayiloli: hotunan yara tun suna goye, takardun da na ɗauki hotonsu don gudun ɓata, bidiyoyi, da kwafin wayar kowa a gidan. Tsarin aikin da ke kanta Debian ce, wani nau'in Linux. Furosesa mai kai huɗu, RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki) giga 8 a sanda biyu, ƙaramin faifan SSD na tsarin aiki, sai manyan faifai biyu da manhajar ajiyar fayiloli ta ZFS ke rubuta abu ɗaya a kansu, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Manhajar Samba ce ke miƙa fayilolin ga wayoyi da talabijin. Ba allo, ba kibod. Dare da rana a kunne take, amma duk sanda na leƙa, furosesan bai cika haura kashi 2 cikin ɗari ba.

Labari biyu ne suka zaburar da ni a watan nan. Ranar 9 aka ba David Baker na Jami'ar Washington da ke Seattle rabin kyautar Nobel ta ilimin sinadarai saboda ƙirƙirar furotin da kwamfuta, kuma ɗakin bincikensa ne ke gudanar da Rosetta@home tun 2005, inda kwamfutocin mutane na gida ke taya su lissafi. Sai ga shirin GIMPS ya sanar da sabuwar lamba mafi girma da aka sani cikin waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, mai alƙalumma 41,024,320. Shi ma shirin sa-kai ne, tun 1996 yake tafiya.

Tsarin bai da wuyar fahimta. Masu bincike na da lissafin da ya fi ƙarfin injinansu, sai su daddatsa shi ƙunshi-ƙunshi, kowa ya ɗauki nasa ta intanet, ya yi, ya mayar. Manhajar da zan yi amfani da ita BOINC ce, wadda David Anderson da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2002, bayan abin da suka koya daga SETI@home, shirin sa-kai na neman alamun halittu masu hankali a sararin samaniya. Na yi tunanin Folding@home, wani shirin sa-kai na binciken furotin, wanda a Afrilun 2020, lokacin korona, ƙarfinsa ya haura lissafi biliyan-biliyan 2 a daƙiƙa. Sai dai yawancin wannan ƙarfin daga katin hoto yake fitowa, ni kuwa ba ni da shi a sabar nan.

Na kafa wa kaina sharaɗi tun kafin in taɓa komai. Fayilolin su ne masu gida, lissafin baƙo ne. Ranar da baƙon ya takura wa masu gida, shi zai matsa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ɗora manhajar bai ɗauki minti biyar ba, ƙunshin `boinc-client` yana cikin rumbun Debian. Sauran yinin ya tafi ne wajen tsaro, kuma ban yi nadamar lokacin ba.

Abin da ya kamata mutum ya gane shi ne, shiga irin wannan shiri amincewa ce da cewa wasu daga nesa za su riƙa turo maka manhaja tana gudana a injinka ba tare da ka duba ta ba. Kowane shiri yana sa hannu a manhajojinsa da mabuɗin sirri, BOINC kuma tana ƙin duk abin da sa hannunsa bai dace ba. Wannan ya rage fargaba, bai kawar da ita ba. A Debian manhajar tana gudana ne da sunan wani asusu mara iko da ake kira `boinc`. Na shiga da sunan asusun, na gwada buɗe jakar hotuna, sai ga ta ta buɗu, domin tun farko na bar jakunkunan kowa na iya karantawa don Samba ta yi mini sauƙi. Na gyara izinin, na mayar da su na rukunin iyali kaɗai, na sake gwadawa har sai da kowace jaka ta ƙi buɗuwa.

Tunda ba allo, daga laftof zan riƙa duba ta. BOINC na sauraro a ƙofa ta 31416 (wanda ya tuna lissafin da'ira zai gane 3.1416 a ciki). Na sa kalmar sirri mai tsawo a `gui_rpc_auth.cfg`, na rubuta adireshin laftof ɗin shi kaɗai a `remote_hosts.cfg`, ban buɗe ƙofar a rawuta ba. Wajen haɗawa da shirye-shirye na yi amfani da mabuɗin asusu mai rauni, wanda ke ba inji damar karɓar aiki amma ba ya ba shi damar canza bayanan asusun.

Shiri uku na zaɓa: Rosetta@home, sai World Community Grid, wanda IBM ta kafa a 2004 kuma yanzu yake hannun Cibiyar Krembil a Toronto, sai Einstein@Home. Na ukun ya daɗe yana burge ni. A 2010 kwamfutocin wasu 'yan sa-kai a jihar Iowa ta Amurka da birnin Mainz na Jamus suka tono wani mataccen tauraro mai juyawa kusan sau 41 a daƙiƙa daga bayanan na'urar hangen Arecibo. Na'urar ta rushe a Disamban 2020, amma abin da aka gano da bayananta yana nan.

Ƙarfe tara na dare ƙunshi huɗu suka fara tafiya, kai huɗun duka suka cika.

Laraba, 30 ga Oktoba

Sakamako na farko ya samu tantancewa. Wasu shirye-shiryen sukan tura ƙunshi ɗaya ga inji biyu da ba su san juna ba, sai amsa ta zo ɗaya kafin a karɓa a ba da maki. Nawa ya kwana biyu yana jiran abokin tafiyarsa.

Makin ba ya sayen komai. Ma'auninsa shi ne maki 200 ga injin da ya yini ya kwana yana lissafi biliyan 1 a daƙiƙa. Duk da haka sau biyar na duba shi yau.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na sa mitar wuta tsakanin soket da sabar, na kuma karanta zafi da `sensors` da `smartctl`.

In tana zaune ba aiki, wat 28 take ci, furosesa na digiri 38, faifai 34. Da BOINC a kai huɗu ta koma wat 74, furosesa 79, faifai 43. Bambancin wat 46 ne. In aka ninka da awa 24 da kwana 365, ya kai kilowat-awa 403 a shekara, ƙari a kan abin da take ci da ma.

Wannan ya sa na sake duba maganar da ake yawan yi, cewa ƙarfin da ke zaune a banza ne kawai kake bayarwa. A 1999, lokacin da SETI@home ya fito, maganar tana da ƙamshin gaskiya, don injinan wancan zamani ba sa rage cin wuta sosai in ba sa aiki. Furosesan yanzu kuwa da zarar ya samu sarari yake rage gudu, ya rage ƙarfin wuta, ya kashe sassan jikinsa. Saboda haka duk lissafin da na ba shi, wuta ce sabuwa nake saye. Ban ga laifin hakan ba, na yarda in bayar, amma ina so in san girman abin da nake bayarwa.

Abin da ya fi damuna zafin faifan ne. Digiri 43 bai fita daga iyakar da aka ƙera su a kai ba, amma ƙarin digiri 9 ne a kan kayan da ba su da hannu a aikin, kawai don iskar cikin akwatin ta ɗumama.

Na fara da saitin `cpu_usage_limit`, na sa shi 60. Bai yi ba. Yadda yake aiki shi ne ya tsayar da lissafin ya sake kunna shi cikin daƙiƙoƙi, sai zafin ya riƙa hawa da sauka kamar haƙoran zarto, fanka kuma na binsa, ta yi ƙara ta lafa, ta yi ƙara ta lafa. Ƙarar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba ta fi mai ɗorewa shiga kunne. Na mayar da shi 100, na rage yawan kawunan da `max_ncpus_pct` zuwa 50, wato biyu kacal. Sannan na hana furosesan ƙarin gudun nan na tabo (turbo) ta hanyar rubuta 1 a fayil ɗin `no_turbo`. Ƙarshen gudun furosesa shi ya fi tsada, don sai an ɗaga ƙarfin wuta kafin a same shi, cin wutar kuma yana hawa fiye da yadda saurin ke hawa.

Yanzu wat 45, furosesa 57, faifai 37. Ƙarin wat 17 ke nan, kusan kilowat-awa 149 a shekara. Na buɗe akwatin na kaɗe ƙurar fanka da burushi tunda na riga na durƙusa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Faifan sun daina barci. A da in aka yi rabin awa ba wanda ya nemi fayil sukan tsaya da juyawa, da dare ɗakin ya yi tsit. Tun ranar 27 suke juyawa ba hutu, kuma ni na jawo: na mayar da jakar aikin BOINC kan manyan faifan don ina ganin SSD ɗin ƙarami ne.

Kowane ƙunshi yakan yada zango lokaci-lokaci, ya rubuta inda ya kai, don in aka kashe inji ya ɗora daga nan. Saitin asali ya yarda a yi hakan duk daƙiƙa 60. Faifan da ake taɓawa duk minti ɗaya kuwa ba ranar da zai kai rabin awa yana zaune. Na dawo da jakar `/var/lib/boinc-client` kan SSD, na iyakance ta ga giga 10, na ɗaga `disk_interval` zuwa 600 don rage yawan rubutu. In wuta ta ɗauke zan yi asarar aikin minti goma ko sama da haka a kowane ƙunshi, tunda manhajar shirin ce ke da ikon zaɓar gaɓar da za ta iya tsayawa. Na karɓi wannan.

Na rubuta adadin abin da aka taɓa rubutawa a SSD ɗin yau, zan kwatanta bayan wata guda.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Bayan isha babbar 'yata ta leƙo ta ce, "Baba, bidiyon yana ta tsayawa, ko intanet ce?" Ba intanet ba ce, daga sabar take kallo.

Na ɗauka furosesa ne, amma kai biyu na zaune ba aiki, kuma BOINC na gudanar da lissafinta a mataki mafi ƙasa, duk wanda ya zo shi ake fara ba hanya. Matsalar a RAM take, inda wannan ladabin ba ya aiki. Wanda ya riga ya kama wuri ya kama.

Ga yadda abin ya haɗu. BOINC na da iyaka biyu: kashi 50 na RAM in ana amfani da kwamfutar, kashi 90 in ba a amfani da ita. Da motsin kibod da linzami take gane ana amfani. Sabar da ba ta da ko ɗaya, a wurinta kullum ba kowa, don haka kashi 90 take ganin halalinta ne. ZFS kuma tana iya riƙe har rabin RAM tana ajiye abin da aka karanta kwanan nan don ya fito da sauri. Casa'in da hamsin ba sa shiga cikin ɗari. Yau ƙunshi biyu masu cin RAM suka haɗu lokaci ɗaya, kowanne ya haura giga 2, ga wasu biyu da aka dakatar amma na ce a bar su a ciki. ZFS ta saki nata a hankali, tsarin ya fara kwashe kaya yana zubawa a faifai, Samba ta shiga layi.

Na raba musu gado. ZFS giga 3 ta `zfs_arc_max`, BOINC kashi 35 ko da mutum ko babu, saura na tsarin da Samba. Na kashe `leave_apps_in_memory`. Na kuma rubuta `app_config.xml` ga shirin mai nauyin, `max_concurrent` ɗaya, don kada biyu su sake haɗuwa. Na ce ta sake kunna bidiyon, na zauna tare da ita minti ashirin, bai tsaya ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kwana goma lafiya lau. Ɗaya daga cikin shirye-shiryen ya yi kwana uku ba aiki, sauran biyun suka cike gurbin ba tare da na sa hannu ba.

Yau na buɗe cikakken jerin sakamakona, wanda ban taɓa bi layi-layi ba sai dai in kalli jimillar maki. Cikin 140 da na mayar, an ƙi karɓar 5. Ba kuskuren da ke tsayar da lissafi ba ne. Sun kammala lafiya, amsar ce ta saɓa da ta abokin tafiya, aka tura wa inji na uku, na ukun ya goyi bayan wancan. Sau biyar ana raba gardama, sau biyar ni ne a gefe. Kuma ba a shiri ɗaya ba, a biyu ne, ranakun a warwatse tun makon farko, har da bayan na rage zafi.

Da shiri ɗaya ne da sai in zargi manhajarsa. Biyu da ba su haɗa komai ba sai injina, to injin ne. Na dakatar da komai da `boinccmd --set_run_mode never`, na hana karɓar sabon aiki, na soke ƙunshi shida da ke hannuna. Sokewa ta fi a bar su su kai wa'adi, don nan take ake tura wa wani, abokin tafiya ba zai yi kwanaki yana jiran wanda ba zai zo ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na ɗauko allo da kibod na jona, na tayar da injin da Memtest86+, manhajar gwada lafiyar RAM, daga filashi. Zagaye na farko ya wuce ba komai. A na biyu, bayan kusan awa biyu, jan layi mai nuna kuskure ya fito, sai wani, sai wani, duka a yanki ɗaya, kuma ƙwayar bit ɗaya ce, wato 0 ko 1, ke juyewa. Na cire sanda ɗaya na gwada ɗayar ita kaɗai: zagaye huɗu tsaf. Na musanya su a rami ɗaya, jan layin ya dawo. Sandar ce, ba ramin ba.

Na daɗe zaune a ƙasa da sandar a hannuna. Duk hoton da ya shiga sabar nan ta RAM ya bi. Na dogara da ZFS saboda tana lissafa wa kowane gutsuren fayil lambar shaida, in faifai ya lalata wani abu ta gane, ta gyara daga ɗaya faifan. Amma a cikin RAM take lissafa lambar. In bayanin ya gurɓata kafin a lissafa, za ta buga wa gurɓataccen hatimi, ta rubuta shi a faifai biyun, duk binciken wata-wata da nake yi da `zpool scrub` ya ce lafiya. Maganin wannan RAM ce mai ECC, wadda ke gano juyewar bit ɗaya ta gyara da kanta, allon injin nan kuwa ba ya ɗaukarta.

Shekara uku ina kallon sifiri a gurbin kurakurai na rahoton binciken ina samun natsuwa. Sabar fayil ba ta da wanda ke sake yin aikinta a wani wuri ya kwatanta. Lissafin sa-kai yana da shi, kuma injinan wasu mutane biyar da na ukunsu, waɗanda ban san ko a wace nahiya suke ba, su suka nuna mini abin da ke cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburina. Na ji nauyin amsoshi biyar marasa kyau da na tura. Alhamdu lillahi tsarin ya tace su kafin su shiga binciken kowa, sai dai na sa an maimaita aiki sau biyar.

Sabar ta koma aiki da giga 4, ZFS na da 1.5, BOINC a kashe. Na yi odar sanda biyu sababbi iri ɗaya.

Lahadi, 1 ga Disamba

Makon nan duka na bin fayiloli ne. Ina da faifan waje da na yi wa kwafi a Satumba na ajiye a durowa. Na kwatanta shi da sabar da `rsync -c -n`, wanda ke karanta kowane fayil ya kwatanta abin da ke ciki ba tare da ya canza komai ba. Ya ɗauki awa goma sha ɗaya. Bambancin da ya fito na takardun da ni na gyara da hannuna ne.

Waɗanda suka shigo bayan Satumba asalinsu na cikin wayoyi har yanzu. Na karɓi wayar kowa bi da bi, na kwatanta da `sha256sum`. Duka sun dace sai bidiyo ɗaya, girmansa daidai, yana kuma buɗewa kamar ba komai, amma lambarsa daban. Na sake kwafo shi.

Daga yau duk abin da zai shiga sabar sai an lissafa lambarsa a inda ya fito, a sake lissafawa bayan ya sauka. Na rubuta ɗan umarni da ke yin haka ga jakar hotuna.

Asabar, 14 ga Disamba

Sandunan sun iso ranar Talata, giga 8 kowacce. Memtest86+ ya kwana biyu, zagaye tara, ba jan layi. Na bi da gwajin matsi na `mprime`, manhajar GIMPS ɗin nan da masu haɗa kwamfuta suka daɗe suna gwada injina da ita saboda tana kwatanta amsarta da wadda aka riga aka sani. Awa 24, kai huɗu, ba kuskure.

Jiya da daddare na sake kunna BOINC. Kai biyu, ba tabo, RAM kashi 35 wanda yanzu ya haura giga 5, ZFS giga 6. Na rage ajiyar aiki zuwa rabin yini don kada in riƙe ƙunshi da yawa in wani abu ya sake tasowa. Mita na nuna wat 46, faifai digiri 36, kuma sun yi barci ƙarfe sha ɗaya. Rubutun SSD tun 6 ga Nuwamba ƙarin giga 61 ne, har da makonni ukun da aka yi a kashe, don haka sai na sake aunawa a Janairu kafin in yanke hukunci a kansa.

Na sa wa kaina tunatarwa duk Lahadi in buɗe jerin sakamako in fara da layin waɗanda aka ƙi. Zuwa yanzu bakwai sun koma, huɗu an karɓa, uku na jiran abokan tafiya.